Akwatin Kayan Shafa a Lefen Ɗana

Saura wata huɗu bikin ɗana na fari, maigidana ya ce sai an haƙa sabon ramin sokawe a bayan banɗaki, domin tsohon ya kusa cika, ga shi kuma za a yi baƙi. Gidan namu a unguwar Ɗan Iya yake, a cikin Bauchi. A cikinsa aka kawo ni ina amarya shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ban kuma taɓa zama a wani gida ba tun daga lokacin. Ranar wata Asabar da hantsi leburori biyu suka zo da diga da shebur. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai na ji babban cikinsu yana cewa, "Hajiya, zo ki ga abin da muka tarar."

Ba su kai zurfin ƙugu ba suka faɗa kan tsohuwar bolar gidan. Ni na ma manta da ita sam. A shekarunmu na farko, kafin masu baro su fara zagayawa suna kwasar shara, rami ne da mu a wannan lungun, duk abin da aka share can ake zubawa. Da ya cika aka rufe shi da ƙasa aka dasa gwanda a kai, gwandar ma ta daɗe da mutuwa. Ɓawon doya, tsummokara, takardu, duk sun narke sun zama baƙar ƙasa mai laushi. Robobi kuwa suna nan yadda aka jefa su. Duk shebur ɗin da aka ɗago sai ka ga robar man shafawa, ta man gashi, ƙananan ledojin shamfu, tsohon burushi, murafai kala-kala.

Na durƙusa a bakin ramin na ɗauki wata roba ruwan hoda mai murfi kamar fure. Na goge ta da yatsa, sai ga hoton wata mata a jikinta tana murmushi, haƙoranta fari tas. Na gane robar. A cikin lefena ta zo. Guda shida aka saka min irinta, na tuna domin ƙanwar babata ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana nuna wa mata ranar da aka kawo kayan. Biyu kawai na shafa. Sauran huɗun suka zauna a ƙasan akwati har zafin bazara biyu ya tsinka su, man ya rabu da ruwa ya fara wari, na kwashe na watsa a bola. Da na matsa wadda ke hannuna sai na ji har yanzu da sauran abu a ciki, ya daskare kamar kyandir.

Leburan ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ta girme ni." Da gaskiyarsa. Ta girmi ɗan da nake shirin yi wa aure ma.

Baro bakwai aka fitar. Masu sayen tsofaffin robobi suka zo suka tsince masu kauri, suka bar mana ledoji da matsattsun robobin man goge haƙori, suka ce waɗannan ba su da kasuwa. Maigidana ya ce a cinna musu wuta. Aka cinna, baƙin hayaƙi ya tashi ya shiga gidan maƙwabta. Kafin a jima matar gidan ta leƙo ta katanga tana tari, tana cewa mu yi wa Allah mu kashe, tsohuwarsu tana da ciwon asma. Muka kashe da ruwa, muka ba su haƙuri. Abin da ya rage aka loda aka kai juji, wato dai mun ɗauke shi daga bayan gidanmu mun kai bayan gidan wasu.

Da yamma na shiga ɗaki na tsaya gaban madubi. Ni da ba na wata kwalliya, amma ga robobi nan jere, wasu rabi, wasu tsaraba ce ta biki ko ta masu dawowa daga tafiya, ko buɗewa ban taɓa yi ba. Gaskiyar magana, abin da jikina ya sani bai wuce man kaɗe da sabulun salo da kwalli ba, sai turare ranar Juma'a.

A satin ne kuma za mu fara haɗa lefe.

Mai riƙe da harkar lefe a danginmu ƙanwar maigidana ce, wadda kowa ke kira Goggo, har ni. Mace ce mai jiki, mai fara'a, mai son a yi abu a fita kunya. Ita ta haɗa lefen 'ya'yan yayyenta duka, ta san abin da ake yayi, ta san abin da ya wuce. Ta zo da takardarta a rubuce: atamfofi, lesuka, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna a akwati huɗu, na biyar kuma kayan shafa zalla. Da ta fara karanto abin da zai shiga wannan na biyar ɗin, man jiki iri kaza kowanne da saitinsa, sabulun ruwa, shamfu, man fuska na safe da na kwanciya, sai na ce, "Goggo, ina so a rage wannan akwatin."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Hannu ne ya gaza? In shi ne ki faɗa min, ai ni ba baƙuwa ba ce."

"Ba hannu ba ne."

Na ɗauko robar nan mai murfin fure da na ajiye a taga na miƙa mata, na ba ta labarin ramin. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce wallahi ita ma ta tuna, domin tana cikin 'yan matan da suka ɗauko lefena a ka. Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta goge ido ta ajiye dariyar.

"Yaya, na ji. Amma ke uwar ango ce, a gida za ki zauna. Ni ce zan zauna a tsakiyar matan Inkil, garin su amarya, a buɗe akwati a gabana. In aka ce mun yi rowa, fuskata za a kalla. Kuma kin san maganar lefe ba ta mutuwa. Yarinyar nan sai ta haifi 'ya'ya ana yi mata gori."

Wannan ta ƙarshen ita ta tsaya min a rai. Ban damu a ce ni marowaciya ce ba, amma ba na so in ja wa 'yar mutane abin faɗa tun ba ta shigo ba. Na tuntuɓi angon, ya sosa ƙeya ya ce, "Umma, duk yadda kuka yi daidai ne." Na san ba zan sami komai a wajensa ba.

Sai na aiki 'yata, wadda suka yi makarantar koyon aikin jinya tare da amaryar, ta hanyarta ma aka san juna. Na ce ta bugi cikinta a cikin hira, kada ta ce ni na aiko. Ta dawo tana dariya ta ce, "Umma, ai tun ban rufe baki ba ta gane ke ce." Amaryar ta ce fuskarta ba ta karɓar kowane mai, da ta canza sai ƙuraje. Mai ɗaya take shafawa a fuska, jiki kuwa man kaɗe. Ta ce na lefen yayarta ma har yau suna saman sif ba a buɗe ba, sun lalace. In an rage ita ta ji daɗi, amma don Allah kada a ce da bakinta. Ta kuma ƙara da cewa akwai wata yayar babanta, ita ce za ta buɗe akwatunan, kuma ba a taɓa kawo lefe gidan ta rasa abin cewa ba.

Na kwana biyu ina juya maganar. A rana ta uku na hau keke na tafi kasuwar Wunti wajen Madam.

Madam 'yar kudu ce, Kirista, ta fi shekara ashirin tana sayar da kayan shafa a layi ɗaya, tun shagon nata yana teburi nake saye a wajenta. Hausarta tana gudu kamar ruwa, sai dai kowa namiji ne a bakinta. Tana hango ni ta ce, "Hajiya uwar ango! Ka zo da takardan kaya?" Na zauna a bencinta na ce yau rage mata ciniki na zo yi. Na yi mata bayani ina jiran ta ɓata rai. Ta ɗan kaɗa ƙafa. Can ta ce, "Ka san wani abu? Bayan biki da wata shida, amare suna kawo min kaya a ɓoye, su ce Madam ka canza min da wanda nake shafawa. Rabi ya riga ya lalace, ba na iya karɓa. Na san wannan tuntuni. Amma wa zai ce wa mai saye kada ka saya?"

Ta shiga ciki ta jawo wani babban bokiti ta buɗe. Man kaɗe ne mai kyau, wasu mata ke kawo mata daga ƙauye, ita kuma ta ɗura a ƙananan robobi ta sayar. Ta ce in na samo kwalaben gilashi masu faɗin baki za ta cika min, duk wadda ta ƙare a dawo da ita a sake cikawa. Sabulun salo ma a dunƙule yake zuwa mata, ita ke yankawa tana naɗewa a leda. Na ce nawa kada a naɗe.

Sati uku na yi ina haɗa akwatin nan, ya fi sauran huɗun ba ni wahala. Kwalabe na samo wajen masu turare, na dafa su a ruwan zafi na kife a faranti suka bushe. Wata 'yar Borno a unguwarmu ta haɗa min humra da turaren wuta. Sabulun na yanka na jera a ƙwarya na rufe da faifai, garin lalle a wata ƙaramar ƙwaryar, ga soso irin na yaɗo da mataji na katako. Tandun kwalli ne ya kusa gagarata. Na yi ta cigiya kafin aka kwatanta min wani dattijo a cikin gari da har yanzu yake yin su, shi ma sai da na koma sau biyu. Man fuskar da take shafawa na sayi babba guda ɗaya, a robarsa, domin wannan ba ni da yadda zan yi da shi. Hoda, jan baki da jagira ɗai-ɗai, kalar da 'yata ta ce tana so. Sannan na ƙara turmi uku na atamfa mai kyau a sauran akwatunan, don kada a ce gudun kashe kuɗi ne.

Goggo ta zo ranar jera kaya. Ta shimfiɗa farin yadi a ƙasan akwatin da hannunta, ta jera kwalaben, ta cusa ƙananan tawul a tsakaninsu don kada su fashe. Ta ja da baya ta duba. "Ya yi kyau," in ji ta, "kamar kayan mai magani." Sannan ta rufe.

Ranar kai lefe Lahadi ce, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna. Bayan azahar motoci biyu da keke ɗaya suka tashi daga ƙofar gida, mata tara har da 'yata, Goggo a gaba, ɗaurin ɗankwalinta yana gogar rufin mota. Gida ya yi tsit. Na share tsakar gidan da aka riga aka share. Na ɗora tuwo tun la'asar ba ta yi ba. Wayata tana hannu ina ta dubawa, ba wanda ya kira. Na kira 'yata sau biyu ba ta ɗauka ba. Raina ya ce shi ke nan, ana can ana cacar baki. Na fara zargin kaina. Me ya kai ni? Mutum nawa suka yi lefe da robobi duniya ba ta tashi ba? A kan wani tsohon rami zan zubar wa yaro da mutunci a gidan surukansa?

Maigidana yana zaune a tabarma yana jin rediyo, ya dube ni ya ce, "Ki zauna mana. Sai ka ce ke aka kai a buɗe."

Gab da magariba na ji tsayuwar motoci, na ji guɗa. Guɗar ba ta gaya min komai ba, domin ko an yi daɗi ko ba a yi ba sai an rangaɗa ta a ƙofar gida saboda maƙwabta. Suka shigo da tukwici, soyayyun kaji, cincin, dubulan da katan na lemo. Na nemi idon 'yata, ta kauce tana danne dariya. Goggo ta zube a kujera ta cire takalmi, ta ce a ba ta ruwa. Ta sha. Ta ce a ƙara. Na san da gangan take yi.

"Goggo, don girman Allah."

"To zauna, Yaya."

Ta ce akwati huɗu an buɗe lafiya, ana ta sa albarka. Da aka zo na biyar, yayar uban amarya ta ɗaga murfi ta tsaya. Ta ɗago kwalba ɗaya, ta ɗago ƙwarya, ta ɗaga farin yadin ta leƙa ƙasa. Sannan ta ce, "Ina sauran?"

"Na ce mata iyakarsu ke nan," in ji Goggo. "Wallahi Yaya, ɗakin nan ya yi shiru har ina jin kukan 'yan tsaki a waje. Sai ta ce, 'To, mu dai ba mu taɓa ganin an yi wa 'yar boko lefen kakanni ba. Ko an ɗauka don muna Inkil ba mu san kanti ba?'"

Na matso kusa da Goggo.

"Me kika ce?"

"Me zan ce? Ji na yi zuciyata ta taso. Na ce mata, Hajiya, wannan akwatin uwar ango ta fi shan wahalarsa a kan sauran huɗun."

Ashe Goggo ta ba su labarin ramin tun daga farko. Ta ce musu ita da kanta ta ɗauko robar nan a ka ta kai gidan amarya tana budurwa, ga shi yau ta yi furfura, robar kuwa ko tsagewa ba ta yi ba. Ta ce ba za mu tara wa yarinya abin da zai ruɓe mata a akwati ba, kuma duk kwalbar da ta ƙare, uwar mijinta ta ɗauki nauyin cikawa. Wannan alkawarin ba da ni aka yi shi ba, amma na karɓa.

A bakin ƙofa, in ji Goggo, akwai kakar amarya, tsohuwa tukuf, tana zaune a tabarma. Sai ta miƙo hannu ta ce a ba ta kwalbar. Ta buɗe ta shinshina, ta lakata ta murza a bayan hannunta, ta ce wannan kaɗe ne na gaskiya, ba a haɗa shi da komai ba. Sannan ta ce duk shekara kafin ruwa ya sauka ɗanta yana sa a kawo masa juji daga cikin gari a baza a gona don taki, kuma kafin garma ta shiga sai an yi kwanaki ana tsince robobi, buhu-buhu, da yawa na man shafawa ne, wasu ma da mansu a ciki. Ta ce, "Kullum ina tambaya, wace mace ce a Bauchi take da jiki da yawa haka? Ashe daga lefe suke fitowa."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Yayar uban ba ta yi dariya ba, amma ta ce, "To ai shi ke nan, tun da Inna ta yi magana." Ta ci gaba da fito da kaya. Da ta zo kan tandun kwalli ta riƙe shi ta daɗe, ta tambayi inda aka samo, ta ce rabonta da ganin irinsa tun tana yarinya. Har aka tashi ba ta yabi akwatin ba, amma da hannunta ta mayar da kwalaben, ta cusa tawul ɗin yadda ta same su.

Sai a lokacin na sauke ajiyar zuciya. Na yi ta cewa alhamdulillahi, ban san sau nawa ba. Aka kira salla, na tashi zan yi alwala, Goggo ta riƙo bakin zanena ta ce in tsaya. Ta jawo ƙatuwar jakarta ta zuge, ta fara fito da robobi tana jerawa a tabarma: man jiki biyu, shamfu, sabulun ruwa, sababbi fil a ledarsu.

"Wannan fa?"

"Jiya na biya wajen Madam ɗinki," in ji ta. "Na ce in wuta ta kama sosai, sai in fito da su in ce mantuwa aka yi wajen jerawa. Hannuna yana kan zif ɗin jakar lokacin da tsohuwar nan ta buɗe baki."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Maigidana ya leƙo da hularsa a hannu ya ce magariba fa ba ta jira. Washegari Goggo ta mayar da kayan, Madam ta karɓa ba gardama, ta ce dama ta san za su dawo.

Maganganu ba su ƙare a ranar ba. Bayan biki wata mata ta kawo min labarin cewa an ce uwar ango wayo ta yi, ta fake da tsafta ta yi maƙo. Da a da ne da abin ya hana ni cin abinci. Wannan karon na ce Allah Ya kyauta, na ci gaba da tankaɗe garina.

Amarya ta tare a Tirwun, a wani sabon gida mai ɗaki biyu da suka kama. Wata uku da tarewa ta zo gaishe ni ranar Juma'a. Bayan ta ci abinci ta yi ta nuƙu-nuƙu, can ta fito da kwalba biyu wankakku daga jaka ta ajiye a gabana, kanta a ƙasa.

"Umma, an ce ke za ki riƙa cikawa."

"Haka Goggo ta ce," na ce mata. "Ɗauko mayafinki."

Muka tari keke zuwa kasuwa. A hanya na tambaye ta ko humrar ma ta kusa ƙarewa in sa a haɗa wata. Ta ce a'a, in ba damuwa a bar humra tukuna, kwana biyun nan ko ƙamshinta ta ji sai zuciyarta ta tashi. Na dube ta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana kallon titi.

Na taɓa kafaɗar mai keken na ce, "Malam, bi a hankali, ba sauri muke ba."